Gaisuwa a Ƙarƙashin Kwando

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da na ajiye sana'ata a ƙasa, da hannuna biyu, a gaban mutanen Tsafe da na Gusau ba. Ba wai misali nake yi ba. Sunkuyawa na yi na ajiye ta kamar mai ajiye ƙwaryar nono, har ina gyara mata zama don kada ta gangara.

Bari in faro daga gida. Ni ɗan Kucheri ne, ta ƙasar Tsafe, kuma a gidanmu tsawo gado ne. Ƙofar zaurenmu ta sha goshin maza ba adadi. Abin da aka san mu da shi kuwa shi ne jifan dami. Idan kaka ta yi aka kwaso gero gida, mutum ɗaya yakan hau saman rumbu ya zauna a bakinsa, na ƙasa ya cilla masa dami ya cafe ya zura ciki. To mu ba ma buƙatar mai cafewa. Daga ƙasa muke auna bakin rumbun, damin ya tashi ya faɗa ciki da kansa. An ce kakan babana ya fara wannan tun kafin layin dogo ya iso Gusau, har daga wasu ƙauyuka ake zuwa kallonsa (na lura dai duk shekara rumbun da ke cikin labarin nan sai ya ƙara tsawo).

Da aka kai ni sakandare a Gusau, malamin wasanni, Malam Bala, ya hango ni a layin abinci na zarce kowa da kai da wuya. Ya ja hannuna har bayan azuzuwa, ya nuna mini wani ƙarfe da aka kafa da zobe a sama, ya miƙa mini ƙwallo ya ce in jefa ciki. Na dubi zoben, na dubi ragar da ke reto a jikinsa, na tambaye shi wa ya ɓarke gindin kwandon. Ya ce in jefa kawai. Na jefa ta shiga. Ya matsar da ni baya, na sake, ta shiga. Ga wanda ya saba da damin gero, ƙwallon nan ba ta fi lemo nauyi ba. Malam Bala ya cire hularsa ya shafa kai, ya ce daga yau in riƙa zuwa fili kullum bayan la'asar.

Daga ranar ne mafarki ya kama ni, kuma da rana tsaka yake zuwa mini, ido biyu. Akwai wani mai gyaran talabijin kusa da tasha da yakan kunna wasan ƙasashen waje, nakan tsaya a bakin shagonsa har ƙafata ta yi sanyi. Daɓen filinsu na katako ne, yana ƙyalli, fitilu sun yi layi a sama, mutane sun cika har rufi. Idan na shiga mota daga Gusau zuwa Tsafe, gwiwoyina sun tokare haɓata don ƙuncin kujera, sai in jingina kai da gilashi in tafi can. Duwatsun Kwatarkwashi su zama kujerun 'yan kallo, gonakin dawa su riƙa ɗaga mini hannu, in ji ana kiran sunana da lasifika a hankali, ana jan ƙarshensa. Na zaɓi lambar da zan sa a riga. Na koyi yadda zan ɗaga wa jama'a hannu ba tare da na nuna zumuɗi ba. Har hira da 'yan jarida na gwada, da Turanci, a gona, jakinmu ne mai riƙe makirufo.

Bayan na gama makaranta na ci gaba da buga wa ƙungiyar samarin Tsafe, Malam Bala ne yake horar da mu, don shi ma ɗan can ne. Filinmu siminti ne da ya tsattsage, ciyawa na leƙowa ta tsagar. A lokacin ne kuma na haɗu da Balki, 'yar Bungudu, a bikin wani abokina. Magana ta yi nisa har manya suka je gaisuwa wurin mahaifinta (sunansa ba zai fito daga bakina ba, suruki ne, mu ce da shi Baba). Kawuna ya dawo ya ba ni labari cewa komai ya tafi daidai har aka zo kan sana'ar yaro. Da aka ce ƙwallo yake bugawa, Baba ya tambaya ko bayan ƙwallon akwai wani abu. Aka ce ai ita ce. Ya ce to, zai yi tunani.

Ana cikin wannan tunani na Baba sai labari ya zo cewa wata babbar ƙungiya ta Kano, irin masu biyan 'yan wasa albashi duk wata suna yawo da su gari-gari, za ta turo mutum ya kalli wasan ƙarshe tsakaninmu da samarin Gusau. Ɗan wasa ɗaya tak zai ɗauka. Kowa a Tsafe ya san wane ne wannan ɗaya, ni ma na sani, har na fara yi wa abokaina magana irin ta mai shirin tafiya. Na sayi kambas sababbi, farare tas. Na ce wa Balki ta sa ni a addu'a. Abin da ban sani ba shi ne, ta wuce addu'a, ta je ta matsa wa Baba cewa ya je ya gani da idonsa ko ƙwallon nan aiki ce ko shiririta.

Ranar wasa damina ce, amma sama ta yi mana kirki, hadari ya tsaya can gabas yana kallo. Fili ya cika. Baƙon Kano yana zaune kan kujerar roba, da baƙin tabarau da ɗan littafi a cinya. Ni kuwa wallahi ranar hannuna kamar an yi masa addu'a. Daga dama in jefa ta shiga, daga hagu ta shiga, daga nesa inda Malam Bala ya hana mu gwadawa ita ma ta shiga. Duk jefawa sai in saci kallon baƙon in ga biro yana motsi. Da aka tafi hutun rabin lokaci Malam Bala ya raɗa mini cewa mutumin ya tambayi sunana sau biyu, har da yadda ake rubuta Kucheri.

Samarin Gusau ma ba kanwar lasa ba ne. Akwai wani gajere a cikinsu, Isiya, mai saurin tsiya, yana bi ta ƙarƙashin hammatarmu yana ci. Haka aka yi ta kai-kawo har lokaci ya zo ƙarshe, suna gabanmu da maki ɗaya, saura 'yan daƙiƙoƙi, ƙwallo kuma tana hannunsu. Sai Allah ya sa wani ya yi wa Isiya miƙo sakaka, na miƙa wannan dogon hannun na gado na tsinke ta a sama. Na juya. Tsakanina da kwando babu kowa.

Abin da na ji a wannan gudun, har yau ban sake jin irinsa ba. Ihun mutane ya koma can nesa. Simintin nan mai tsaga ya zama katako mai ƙyalli a ƙarƙashin ƙafata, hasken yamma ya zama fitilu, ina jin bugun ƙwallo da bugun zuciyata suna tafiya tare. Na ga Kano, na ga Legas, na ga jirgin sama. Na ga Balki a kujerar gaba. Saura taku uku in tashi sama, sai idona ya sauka a gindin ƙarfen kwando, na ga farar babbar riga, da hula zanna, da lema a rataye a hannu.

Baba ne. Ya iso a makare daga Bungudu, ya duba ko'ina a cike, ya ga wuri ɗaya da babu kowa, daidai ƙarƙashin kwando, ya je ya tsaya abinsa.

Ina so in ce na yi tunani na yanke shawara, amma ƙarya ne. Gwiwoyina ne suka yanke, ba su kuma shawarce ni ba. Tun ina yaro aka koya musu cewa idan ka ga suruki ba ka tsaya masa a kai, ba ka haɗa ido da shi, ba ka tunkare shi da takalmi. Sai ji na yi na ja birki, na zube tsugune, na ajiye ƙwallo a gefe a hankali. Na sa dugadugi ina ƙoƙarin tuɓe kambas mai igiya, ƙafa ɗaya ta fita, ɗayar ta ƙi. Sannan na tuna gajeren wando ne a jikina, na kama gindin riga ina ja don in rufe gwiwa, rigar da ko cibiya da ƙyar take rufewa.

"Baba, ina wuni?" in ji ni, ina haki.

"Lahiya lau. Ina gajiya?"

Na ce ba gajiya, gumi na zuba daga haɓata. Ya tambayi mutanen gida, na ce suna lafiya. Ya tambayi ƙafar babana da ke ciwo, na ce da sauƙi. Ya tambayi ruwa a Kucheri, na ce ya yi gyara. Ina jin Malam Bala a bayana yana kiran sunana da wata murya da ban taɓa sanin yana da ita ba, amma ai ba a tashi babba bai gama ba. Ana cikin maganar ruwan ne Isiya ya iso. Ya ɗan rage tsawo (shi ma ɗan gidan mutunci ne), ya ce wa Baba sannu, ya ɗauki ƙwallon daga gefena ya yi gaba. Alƙalin wasa ya busa usur ɗin tashi.

Wani daga baya ya fashe da dariya, sai ta kama ko'ina. Har 'yan ƙungiyarmu da aka cinye suna riƙe ciki. Malam Bala ya zauna a kan siminti ya dafe kai. Ni kuwa ina nan tsugune, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya da safa mai huji a babban yatsa, ina roƙon hadarin nan na gabas ya zo ya kwashe ni.

Baƙon Kano ya rufe littafinsa ya zo har inda nake. Mutumin kirki ne, ya yi ƙoƙari ya haɗiye dariyarsa. Ya ce bai taɓa ganin hannu irin nawa a wannan yanki ba. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Sai dai ɗan'uwa, dattawan Kano sun fi na nan yawa." Ƙarshe dai ya ɗauki Isiya.

Baba bai gane abin da ya faru ba sai da wani ya yi masa bayani dalla-dalla, cewa da na jefa wannan ƙwallon da mun ci wasa, da kuma na samu aikin. Na zaci zai yaba ladabina, don shi kaɗai ya rage mini a duniya. Sai ya dube ni daga sama har safa, ransa a ɓace.

"Kai wanga yaro, ba ɗan gidan masu jihwar dami ba ne kai? Ka taɓa ganin mai dami bisa kai ya durƙusa gaisuwa? Ai sai ya jehwa tukuna."

Gaskiyarsa kuwa. Ko a Kucheri, ko hakimi ne ya shigo ana cika rumbu, wanda ya ɗaga dami sai ya sauke shi inda ya nufa sannan ya gaisa, babu mai ganin laifinsa. Na san wannan tun ban iya ɗaure wando ba. A sanyaye na tambaye shi, to me ya sa ya yi ta amsawa har da maganar ruwa. Ya ce ni na gaishe shi, ya ƙi amsawa ne?

Sati biyu ban leƙa Tsafe ba. Da na fito, na tarar an raɗa mini suna Ina Wuni, tun daga masu shayi har direbobin tasha, kuma har yau akwai masu kirana da shi a gaban 'ya'yana. Wani baƙo bai sake zuwa neman ɗan wasa ba a zamaninmu. Isiya ya yi shekaru yana bugawa, na taɓa ganinsa a talabijin ɗin shagon nan na tasha, a kan katako mai ƙyalli. Na yi masa murna a baki, amma na koma gida ban iya cin tuwo ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Da kaka ta yi, Baba ya aiko cewa in je Bungudu in taya shi cika rumbu. Ya sa aka sauko da mai cafewa, ya shimfiɗa tabarma a inuwa ya zauna. Na yi ta jifa tun hantsi har azahar, ko dami ɗaya bai kauce ba. Da na gama ya ce wa kawuna a zo a sa rana, yaron yana da sana'a. Shekara da shekaru ni nake cika masa rumbu, kuma duk lokacin da ya fito ina riƙe da dami na fara lanƙwasa gwiwa, sai ya ɗaga lema ya ce in jefa tukuna.

Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Darasin da na koya, wanda nake faɗa wa duk wanda ya tsaya saurarena, shi ne a jefa tukuna sannan a gaisa. Sai dai ni mai wa'azin ban iya ba. Har yanzu idan na jingina kai da gilashin motar Tsafe nakan koma wannan gudun, katako na ƙyalli, fitilu a sama, babu kowa tsakanina da kwando. Saura taku uku sai in hango farar riga da lema. Na san ƙa'ida sarai, shi da kansa ya koya mini. Amma mutumin da na yi shekaru ban gani ba, ya za a yi in wuce shi? Sai in ajiye ƙwallon in tsuguna, in tambaye shi ina wuni.