Tulu Mai Siffar Zuciya

Rabin laifin nawa ne, rabin na littattafan soyayyar da nake saye a kasuwar Garwa.

Lokacin ina neman auren Habiba, malamar fizik a wata makarantar lise, wato sakandare. Ranar nan wurin zance na tambaye ta binciken da take yi. Ta ce ƙwayoyin iska ne ake sanyayawa matuƙa, a tsare su cikin wani mitsitsin akwati. Ko girman akwatin bai canja ba, da an canja siffarsa sai yadda suke riƙe zafi ya canja.

Siffa kawai? Abin ya tsaya mini a rai. Na ce lallai sai na nuna mata na gane.

Na sa wata mai ginin tukwane ta gina mini tulu mai siffar zuciya. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, lafiya kuwa?" Da ya gasu na shafe shi da jan fenti mai ƙyalli, ban san da gumin jikinsa tulu ke sanyaya ruwa ba.

Cikin zafin Afrilu na kai shi gidansu, na cika shi, na zauna ina yi wa kakarta bayanin kimiyya. Bayan la'asar tsohuwar ta kurɓa, ta ji ruwan da ɗumi, sannan ta ce, "Habiba, kawo ganyen shayi."

Habiba ta yi dariya har da hawaye. "Malam, akwatina ko da ido ba a ganinsa!"

An dai ba ni auren. Amma har yau in baƙo ya nemi ruwa, kaka sai ta tambaye shi, "Mai sanyi, ko na zuciyar angonmu?"