Ta Rasu Igiyar Ruwa Ba Ta Kai Katanga Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da miƙa wuya ga hukuncin da ba ya jiran kowa ya shirya, ɗalibin nan mai neman digirin dakta, wanda gida da waje aka fi sani da Saura Ƙiris, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa. Ta cika ranar Talata da rana tsaka, a kan teburinta, tana bakin aiki.

Ga wanda bai san marigayiya ba, sana'arta lissafin teku. Akwai katangar duwatsu da ake shirin ginawa cikin ruwa don ta kare tashar jiragen ruwa, Farfesa kuma ya ɗora wa Saura Ƙiris gano yadda igiyar ruwa za ta fashe idan ta bugi katangar, da inda za ta zagaya ta bi. A kan wannan amsa digirinsa ya rataya. Sai ya yayyanka tekun gida-gida kamar idon raga, marigayiya ta riƙa bin gidajen ɗaya bayan ɗaya tana lissafa tashin ruwa da faɗuwarsa. Tafiyar da igiya ke yi kafin ƙiftawar ido, ita sai ta kwashe makonni tana jan ta. Shi kuwa yana zaune ya zuba wa allo ido, gwanin teku wanda ko a kududdufi bai taɓa iyo ba.

An shaide ta da haƙuri. Ba ta taɓa tambayarsa yaushe zai gama ba, ba ta taɓa aikensa kantin magani ba. Maganarta ɗaya ce, fuuu, in aiki ya yi nauyi ta ƙara da ƙir-ƙir-ƙir. Lalurarta kawai zafi. Shi ya sa bara fankar gidan, wadda ita ke nan tilo, ta yi ƙaura zuwa ɗakinsa daga gefen gadon mahaifinsa da ke kwance da zazzaɓi. Tsoho ai yana da mafici, in ji shi. Mahaifiyarsu ta yi ta fifita har hannunta ya sage. Ranar da tsohon ya ce a kira masa ɗansa, amsar da ta fito daga bayan ƙofa ita ce ta zame masa suna: "Saura ƙiris." Ranar da aka ɗauki gawar ma haka ya ce, ya isa maƙabarta ana watsewa.

Ciwon ajalin marigayiya gajere ne. Bana da zafi ya tsananta, mahaifiyar ta kwanta. Yayarsa, wadda ke jinyarta, ta shigo ɗakin ba sallama, ta zare wayar fanka ta ɗauke ta, ta ajiye masa tsohon maficin a kan tebur.

"Ungo, ɗan'uwana," ta ce. "Na Baba ne. Ka ce yana isa."

Allah shaida, ya yi fifitar da bai yi wa ubansa ba. Ya yi da dama, ya yi da hagu, gumi har cikin ido. Muryar marigayiya ta dishe, warin ƙonanniyar roba ya cika ɗaki, sai tsit. Abu na ƙarshe da ya gani a allo shi ne igiyar ta miƙe, ta sunkuyar da kai, tsakaninta da katanga bai fi faɗin yatsa ba. Bai taɓa kwafe aikin ya adana a wani wuri ba, don kwafewa sai an tsayar da ita, ga shi kuma saura ƙiris. Mai gyara ya zo ya buɗe cikinta, ya shinshina, ya ce, "Malam, ƙwaƙwalwar ta soye. Ko sunanka ba ta bari ba."

Ta rasu ta bar Farfesa, wanda ya jajanta a tsaye, ya tuna wa mai rashin cewa wa'adinsa ya cika, ya miƙa katangar ga wani ɗalibi. Ta bar matar mai rashin, wadda da jin labari ta tambaya ko yanzu teburin zai ɗauki keken ɗinki. Ta bar igiyar ruwa guda a sunkuye, ba ta faɗi ba, ba ta koma ba. Sai shi Saura Ƙiris, wanda ya yi kuka wiwi har maƙwabta suka leƙo, kukan da gidan ya saurara bara bai ji ba.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi, idan Allah ya kai mu, a shagon mai gyara, wanda zai cire abin da ke da mamora ya jefa saura bayan shago. Ba a buƙatar zaman makoki. Ana dai neman mutum ɗaya da zai kama ɗaya gefen, don marigayiya tana da nauyi. Mai rashin ya riga ya ƙwanƙwasa ƙofar mahaifiyarsa neman taimako. Ya ji fanka na juyawa a ciki, ya ji muryar yayarsa a kwantar da hankali ta ce, "Saura ƙiris."

Har yanzu yana tsaye a bakin ƙofar.