Katifar da Ta Kulle Na-Iya a Sito

"Ni za a koya wa katifa? Da ido kawai nake gane soson da zai shekara ashirin!"

Mai wannan cika baki shi ne Na-Iya. Ka san irinsu, aboki: duk abin da aka ambata, daga gyaran rediyo zuwa cire haƙori, sai ya ce ya iya, har sunan ya bi shi. Matarsa tela ce, wuni take a kan keke, ga tsohuwar katifarsu ta yi rami a tsakiya kamar kwano. Wata uku baiwar Allah ba ta yi barcin kirki ba saboda ciwon baya.

"Maigida, ga tef ɗina, auna gadon kafin ka tafi," in ji ta.

"Tef? Idona ne tef. Kuma ki sani, baya tauri yake so. Da za ki ji tawa, siminti ma magani ne."

Kafin ya fita sai da ya kira mai kwasar tarkace ya ba shi tsohuwar katifar kyauta, wai kada ta ɓata wa sabuwa suna.

A shago gogan naka ya dinga naushin katifu yana shinshinarsu, yana girgiza kai kamar likita. Daga ƙarshe ya nuna wadda ta fi kowacce faɗi da kauri. Mai shago ya fito masa da irinta daga ciki, an matse ta da inji an naɗe cikin leda, ba ta fi gangar ruwa ba.

"Yallabai, kada ka yanka ledar nan sai ka ɗora ta a kan gado. Tana shan iska take kumbura."

"Kai, rufe min baki! Ina harkar katifa tun kana rarrafe."

A gida ya mirgino ta cikin siririn lungun da ke tsakanin falo da ɗakin kwana, yana haki. Matar ta leƙo, ta dubi naɗin, ta dube shi.

"Wannan ce katifar? Ko matashin kai aka sayar maka?"

Nan fa ran maza ya ɓaci. "Miƙo almakashinki, yanzu za ki ga aikin masana!"

"Bari mu kai ta ɗaki tukuna..."

Ina! Ya riga ya tsarge ledar. Katifa ta ja numfashi, fuuu, ta fara miƙewa. Na-Iya ya ja da baya, ta biyo shi. Ya sa kafaɗa, ta ture shi. Ya ƙara ja da baya har ya faɗa cikin ɗan siton da ke ƙarshen lungun, inda ake ajiye tsintsiya da bokitai. Katifa ta danno ƙofar, garam, ta zauna daram a bayanta.

Aka kira maƙwabcinsu kafinta. Ya auna katifa, ya auna gado, ya tsallaka ya duba ƙofar sito, yana cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce masa.

"Maƙwabci, ta fi gadonka da kamu guda. Ƙofar kuma ba ta buɗuwa sai an yanka katifar biyu."

"A yanka!" in ji murya daga sito. "Dama haka na tsara."

"Ba mai taɓa ta sai na gwada," in ji matar.

Da yake katifar ta fi lungun faɗi, gefunanta sun hau bango, tsakiyar ta kwanta luf. Matar ta hau, ta miƙe bayanta, ta yi wata doguwar ajiyar zuciya da ta ba ni tausayi har raina. Kafin kafinta ya naɗe tef ɗinsa, ta fara minshari da rana tsaka.

Na-Iya ya shiga dukan ƙofa. "Ku fito da ni! Ko wurin zama babu a nan!"

"Yi a hankali mana," kafinta ya raɗa masa ta jikin bango. "Wata uku fa ba ta runtsa ba. Ni dai na tafi, in ta tashi a kira ni."

"To ni a ina zan kwanta?"

Matar ta buɗe ido ɗaya, ta gyara kwanciya.

"Ai ka ce baya tauri yake so, Maigida. Ga siminti nan a ƙarƙashinka. Gwada mana shi, in na tashi ka ba mu sakamako."