Rasuwar Gaspard, Kwalekwalen Aurèle Chappuis

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da goshi mai cike da ɗinki, Aurèle Chappuis, mai gyaran agogo a bakin tafkin Leman, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwalekwalensa, Gaspard, wanda aka yi wa kisan gilla da yammacin Juma'ar da ta wuce, a gaban dubban shaidu.

Marigayin mai haƙuri ne, mai rufin asiri. Duk shekara idan bikin kiɗan jaz ya zagayo, baƙi su yi layin tikiti, shi kan ɗauki maigidansa da kwalbar farar giya da guntun cuku, ya kai shi bayan dandalin da ke bakin ruwa, inda 'yan gari ke sauraro kyauta. Daga nan Aurèle ya sha muryar Lonzo Rayford, tsohon mawaƙin nan na Amurka da ke sa ƙarti kuka, tun gashin kansu su biyun yana baƙi. Sai dai dandalin ya juya wa tafki baya. Shekara da shekaru Aurèle bai san komai na gwaninsa ba illa ƙeya, ya ga furfurarta, ya ga sanƙonta. Marigayin bai taɓa yi masa gori ba. Iyakarsa ya ce "ƙiiii" idan an ja filafili, ko "ɓul-ɓul" idan ruwa ya shigo ta inda aka liƙe da kwalta.

Bai yi jinya ba. Bana aka ce Lonzo zai yi wasan bankwana, Aurèle ya rantse sai ya ga fuskar nan kafin ɗayansu ya mutu. Wuri ɗaya ne ake hango dandalin ta gefe, wato hanyar babban jirgin fasinja mai tururi. Aurèle ya duba, ya ga an sanar za a tashi wasa kafin isowar jirgin, ya gaskata, don a ƙasar nan ko saniya ba ta makara. Bai san Lonzo ba ya ɗaura agogo ba. Jirgin kuwa ya iso kan lokaci, mawaƙin ko makirufo bai gama gyarawa ba.

Jirgi ya yi ƙaho. Fernand, ƙanin matar Aurèle, da ke zaune a gaban kwalekwalen, ya ce, "Kai tsohon banza, ja mu bar nan! Wannan jirgin bai san waƙa ba." Aurèle ya ce a dakata, ga Lonzo nan zai waiwayo.

Ƙafar jirgin, wato ƙatuwar tayar ƙarfen da ke tura ruwa a gefensa, ta kama marigayin ta wutsiya, ta ɗaga shi sama, ta fyaɗa da ruwa, ta sake kamawa. Ta karya masa haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, ta tauna bencin, ta tofar da ƙusoshi. Filafili ya tsage biyu, rabi ya fasa goshin maigidan, jini ya rufe masa ido. Fernand, da hancinsa ya koma gefe, ya yi iyo ya sami maigidan a cikin ruwa ya ƙara masa naushi a kunne. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce "ƙarararas".

A kan wannan ƙara Lonzo Rayford ya tsayar da makaɗa, ya juyo gaba ɗaya, ya daɗe yana kallon tafki. Shaidu sun ce har hannu ya ɗaga. A lokacin tabarau ɗin Aurèle ya riga ya kai ƙasan ruwa.

Marigayin ya bar filafili ɗaya da rabi, da gwangwanin kwarfar ruwa, da maigida, da uwargida Ghislaine, wadda ta ce ita ba ta cikin masu makoki, ta kuma riga ta shuka furanni a inda yake kwana.

Za a ƙona abin da aka tsamo ranar Asabar da hantsi a bayan shago, tunda ranar Lahadi maƙwabta ba sa yafe hayaniya. Akwai narkakken cuku ga masu ta'aziyya, ban da Fernand. Kada a kawo furanni. Duk wanda ya ga fuskar, ya zo da wuri, ya zauna kusa da maigidan ta ɓangaren kunnen da ba a ɗinke ba, ya faɗa masa yadda take.