Ranar da Kawu Madu Ya Tafi Sayen Zinare da Baro

Ku yi haƙuri da rubutuna, ba iyawa na yi ba. A bayan littafin lissafina nake yi, a ɗakin da ake ajiye kwalaye, don haka in kun ji takardar tana ƙarnin kifi kada ku yi mamaki. Kuma don Allah kada wani ya kai wa Kawu Madu.

Kawu Madu yayan mahaifiyata ne, a gidansa nake zaune saboda makaranta. Bandar kifi yake sayarwa a Baga Road, amma in kun ji shi yana magana sai ku rantse shi ya haƙa Tafkin Chadi da farcensa. Da aka sa ranar auren ɗansa Yaya Mahfuz da Mu'mina, dangin amarya suka ce a kawo sadaki da sisin gwal, kamar yadda aka saba a garin nan. Kawu ya tura hula ƙeya.

"Sisi? Wannan abin mai kama da maɓallin riga? Ni Madu sanda zan kawo. Sandar zinare, irin wadda ake jerawa a banki kamar bulo. Sai ƙarti biyu sun kama."

Matarsa Inna Gumsu tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ba Madu take ce masa, yadda ake girmama manya a garin nan. "Ba Madu, ka taɓa ganin sandar nan da idonka?"

"A talabijin. Har girmanta na auna da tafin hannuna a jikin gilashin."

Kafin kwana biyu babu wanda bai ji ba, daga masu kifi har mai facin taya. Ya kai bijiminsa guda ɗaya tilo Kasuwar Shanu ya sayar, ya ɗauko baron da ake tura kwalayen kifi, ya sa aka wanke shi da omo, ya shimfiɗa darduma a ciki. Ango da kansa aka sa turawa har shagon Babakura maƙerin zinare. Yaya Mahfuz ne ya ba ni wannan ɓangaren, yana faɗa yana rufe fuska.

Kawu ya zube kuɗin bijimi a kan tebur. "Ba ni sanda. Babba. Kada ka duba nauyi, mun zo da abin ɗauka."

Babakura ya leƙa waje ya ga baro, ya dawo ya buɗe wani ɗan gwangwani, ya ɗauko abu da hantsaki ya ɗora a sikeli. Faɗinsa kamar na babban ɗan yatsa, kaurinsa bai fi na katin waya ba.

"Ga ta. Giram goma."

Kawu ya sunkuya ya ƙura ido. "Na ga samfurin. Fito da uwar."

"Ba Madu, ita ce uwar, ita ce kakar. Kuɗinka nan ya tsaya. Mai kilo ɗaya ma ba ta fi ƙaramar waya ba, kuma sai ka kawo bijimai ɗari irin naka. Wadda kake cewa kamar bulo, sai dai ka koro Kasuwar Shanu gaba ɗaya har da masu shanun."

"To a buga ta ta yi faɗi mana."

"In na buga ta iska za ta ɗauke."

Haka suka dawo, Kawu a gaba, baro a baya babu komai sai darduma. Mutanen layi suka tambaya ina kaya. Ya ce tayar baron ce ba za ta iya ba.

Da wani ne, da ya kai 'yar sandarsa a haka, don Babakura ya ce ta isa sadaki har da ragowa. Amma Kawu ya riga ya cika gari. Sai ya je wurin Jona kafinta aka yi masa akwati mai hannu biyu, ya sa bulon siminti a ciki, ya naɗe da farin yadi, ya buga kwaɗo. Dabararsa ita ce jama'a su ga akwati, shi kuma ya damƙa wa uban amarya ta gaskiyar a ɓoye. Ita kuwa ta gaskiyar, saboda tsoron ɓarayin da shi da kansa ya gayyato da bakinsa, sai ya cusa ta cikin kan wata ƙatuwar tarwaɗa busasshiya, ya ajiye a saman kwali a ɗakin nan da nake zaune. Ko Inna bai gaya wa ba. Wai wane ɓarawo ne zai binciki bakin kifi.

Ranar ɗaurin aure ƙarti biyu suka ɗauki akwati suna nishi, Kawu na biye da su da babbar riga mai sitati yana cewa, "A hankali, dukiya ce." Garin tsara tafiyar akwati ya manta da kifin.

A ƙofar gidan amarya liman ya ce a gabatar da sadaki shaidu su gani. Kawu ya ce zinare ba ya son rana. Baffan amarya ya ce to a buɗe a inuwa. Kawu ya ce makulli ya ɓata. Jona na cikin taron, ya ce ai ƙusa huɗu ce kawai, ya ɗaga murfin da bakin guduma.

Aka yaye yadi. Sai ga bulo. Wani tsoho ya ce, "Wannan kuma giram nawa ne?"

Baffan amarya ya miƙe yana kaɗe riga, ya ce in wasa aka zo yi, su suna da aikin yi. Daga baya Yaya Mahfuz ya ce mini a lokacin ji ya yi Mu'mina ta kuɓuce masa. Kawu ya roƙi minti goma, ya tare keken haya ya faɗo gida yana haki, hula a hannu.

"Gumsu, ina tarwaɗar da ke saman kwali?"

"Tana miya."

"Wace miyar?"

"Ta tsofaffin gidan amarya. Ita ce mafi girma, da wa kake so in ba?"

Ni aka aika da kular miyar, shi ya sa ina tsakar gidan amarya lokacin da Kawu ya faɗo cikin mata ko sallama babu. Ya naɗe hannun babbar riga, ya zurma hannu cikin miyar kuɓewa har gwiwar hannu, yana tsamo kan kifi yana leƙa bakinsa yana mayarwa. Mata suka ja yaransu gefe. Miya tana yauƙi daga gemunsa har aljihu.

Kakar amarya tana zaune a tabarma da kwanonta, haƙoranta biyu ne a duniya. Tun ɗazu take juya wani abu a baki. Ta tofa a tafin hannu, ta goge da bakin zane, ta ɗaga sama.

"Ɗan nan, ko wannan kake nema? Na ɗauka ƙaya ce, saura kaɗan in kora da ruwa."

Kawu ya miƙa hannu zai karɓa. Ta janye.

"A'a, kada ka karya bayanka. Ku je ku kira ƙartin nan biyu, a zo da baro."

An dai ɗaura auren, bayan an wanke sadaki da sabulu sau uku. Yanzu a Baga Road duk wanda ya sayi kifi wurinsa sai ya buɗe bakin ya leƙa, ya ce, "Ba Madu, wannan babu komai a ciki, rage mini." Shi kuma har yau yana rantsuwa sai ya gano wanda ya sauko da tarwaɗar daga saman kwali, don Inna ta ce ita a wanke aka miƙo mata. Abin da ya sa nake rubutu a ɓoye ke nan. Ranar Inna ta ce in ɗauko mafi girma, ni kuma da na hau kujera sai na… Na'am, Kawu, ina zuwa, littafina kawai nake