Rasuwar Ido Biyu a Bakin Tafki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da takalma cike da laka, nake sanar da 'yan uwa da abokan kallon tsuntsaye rasuwar madubina na hangen nesa, wanda aka fi sani da Ido Biyu. Rai ya yi halinsa bayan gajeruwar jinya, yana da shekara goma sha ɗaya a wuyana.

Marigayin mai gaskiya ne. In ya ce belbela ce, to belbela ce, ko da na so ta zama wata aba. Ba shi da surutu, in ban da ƙyas ɗin murfinsa da ɗan ƙiii da yake yi in ana murza shi. Rana ta doke mu tare, sauro ya cije ni a gabansa, bai taɓa kai labarina gida ba.

Burinmu ɗaya ni da shi: agwagwar nan mai farin ido, wadda ba ta yada zango a tafkinmu sai bazara ta yi, tsuntsayen ruwa sun kama hanyar arewa, shi ma ba kowace shekara ba. A ƙungiyarmu, duk wanda ya fara ganin baƙon tsuntsu, sunansa ake rubutawa a babban littafi. Tun ina da baƙin gashi nake yi wa sunana tanadin wannan layi.

Ga yadda ajali ya zo. Maman yara, wadda kullum ke cewa ina gadin agwagin da ba nawa ba, ta biyo ni ranar Asabar da hantsi don kawai ta ga inda nake ɓata wanduna. Na ba ta marigayin ta riƙe in ɗaure igiyar takalmi. Ta ɗora shi a ido, da farko ma a juye, ta gyara, sannan ta tambaye ni ko dama ana yin agwagwa da ido fari kamar an ɗiga mata madara.

Jama'a, ni ne ke koya wa sababbin shiga cewa igiya a wuya kafin madubi a ido. Ni ne kuma na fizge shi da hannu mai laka, ba igiya ba dalili. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce tsundum. Agwagwar ta ji ta tashi, abin da na gani da idona ɗan ɗigo ne a sama. Wallahi abin ya ci mini rai.

Mun tsamo shi, ya yi kwana uku kwance a bakin taga. Mai gyaran agogo ya girgiza shi, ya ji ruwa na motsi a ciki, ya ce sai haƙuri.

Ya rasu ya bar jakarsa, da ƙyallen goge ido, da murfi ɗaya, ɗayan ya riga shi tun bara, sai kuma ni. Ya bar maman yara, wadda shugaban ƙungiya ya yi wa tambaya bakwai a kan tsuntsuwar ta cinye duka. Sunanta na cikin littafi yanzu, a layina.

Za a kai shi makwancinsa gobe da yamma, a aljihun tebur na ƙasa, kusa da tsohuwar rediyo. Zaman makoki a falo. Masu zuwa gaisuwa don Allah kada a ce mini rabon kwaɗo ba ya hawa sama, nawa a gabana ya tashi. Maman yara ba za ta samu halarta ba, 'yan ƙungiya za su zo ɗaukarta ta nuna musu wurin. Ta ce in na gama kuka in biyo su, ana neman mai riƙe jaka.