Sikelin Farfesa Mofazzal

A duk faɗin jami'ar garin Rajshahi babu wanda ya yi wa ilimi hidima kamar Farfesa Mofazzal Talukdar, kuma babu wanda ya fi shi sanin haka. Kafin zuwansa, malaman jami'ar koyarwa kawai suke yi, ɗalibai suna koyo, ba wanda ya san ko kilo nawa aka koya. Shi ya kawar da wannan duhun kai. Ya je taron kwana huɗu a Singafo, ya dawo da kwat ruwan toka da jaka mai kwaɗo, aka naɗa shi Daraktan Auna Ilimi. Ɗalibai suka sa masa suna Baba Sikeli. Da labari ya kai masa, ya ce lallai yaran sun fara hankali.

Baiwar da ya kawo takarda ce mai gurbi arba'in da bakwai. Akwai gurbin zurfin tunani, da na kishin ƙasa, da na ladabin sauraro, har da na "alamun zama jagora nan gaba". Kowane malami zai cika wa kowane ɗalibi ita duk ƙarshen wata.

"A da in an tambaye ku me yaro ya sani, sai ku ce ba laifi," in ji shi a taron malamai, yana buga tebur da yatsa. "Ba laifi lamba ce? Ni yanzu ina iya faɗa muku kishin ƙasar kowane ɗalibi har da ɗigo!"

Malama Shahnaz Parvin, mai koyar da kiwon kifi, tana da ɗalibai ɗari biyu da goma sha biyu. Ta ɗaga hannu ta ce, "Ranka ya daɗe, to yaushe zan kai su bakin tafki su ga kifin?"

"Malama, kifi yana cikin ruwa, ba inda za shi. Takarda ce ke da wa'adi."

Haka malamai suka koma cika gurabe a ɗakin shayi, hannu ɗaya da biro, ɗaya da samosa. In Shahnaz ta zo kan sunan da ta sani, sai ta tuna makararsa da surutunsa, ta rage masa maki. In ta zo kan wanda ta kasa tuna fuskarsa, sai ta ga ai bai taɓa ɓata mata rai ba, ta zuba masa casa'in. Sauran malamai ma haka suke yi, kowa yana tsammanin shi kaɗai ya gano dabarar.

Bayan shekara biyu aka turo masu bincike daga Dhaka, babban birnin ƙasar, su duba ko sashen kiwon kifi ya cancanci a bar shi a buɗe. Shahnaz ta kasa cin abinci. Farfesa kuwa ya sa aka yi wa bango fenti, gefen da ido ke gani. Shugabar baƙin wata dattijuwa ce, Dakta Ferdousi Khatun, mai ƙarancin magana. Awa biyu ya yi yana nuna mata zane-zanen lambobi, ja da kore, kowanne yana hawa sama.

"Ga kuma gwarzonmu," ya ce. "Rakibul Mondol, casa'in da huɗu da ɗigo uku! Yaron nan ni na raine shi da hannuna. In ya yi magana, kaina nake ji."

"Madalla. A kira mana shi," in ji Dakta Ferdousi.

Aka kira sunan sau uku. Malamai suka shiga kallon silin. Can wata ɗaliba daga baya ta ce, "Rakib? Ai yana Malesiya. Ga lambarsa ma."

Aka buga, aka buɗe murya kowa na ji.

"Rakibul ɗana! Farfesa Mofazzal ne."

"Wane ne? In kai ne mai wayar da ta faɗa ruwa, baba, ka dawo jibi."

Ashe mako uku kacal ya yi a jami'ar, ya bi kawunsa gyaran waya. Da aka ce masa shi ne na ɗaya, ya yi dariya har ya ƙware, ya tambaya ko za a iya aiko masa da takardar shaidar.

Shahnaz ta ga sashenta na shirin nutsewa. Ta miƙe ta roƙi baƙin su biyo ta tafki. Nan ɗalibai suka naɗe wando suka shiga taɓo. Wani mai maki arba'in da ɗaya a zurfin tunani ya kalli kifin da ke haki a saman ruwa, ya ce iska ta yi ƙaranci, ya faɗi abin yi. Dattijuwar ta jinjina kai ta yi rubutu. Sashen ya tsira.

Da za ta shiga mota, ta dubi Farfesa ta ce, "Sikelinka yana aiki ƙwarai. Ya nuna cewa wanda ya fi kowa ƙaruwa da jami'ar nan shi ne wanda ya fi kowa nisa da ita."

Washegari aka rataya wani makeken ƙyalle a ƙofar ofishinsa, da manyan haruffa: "SIKELINKA YANA AIKI ƘWARAI, in ji Dakta Ferdousi Khatun." Ragowar maganar, Farfesa ya ce, ƙyallen ne bai isa ba.